Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Mujallar Consumer Reports: A Soki Talla, A Bar Majinyaci Da Mutuncinsa

Zuwa ga Shugaban ƙungiya da mujallar Consumer Reports,
Yonkers, Jihar New York, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Da girmamawa irin wadda ta cancanci gidan da tun shekarar 1936 yake tsaye tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba ya karɓar kuɗin talla daga hannun kowa, yana sayen kaya da kuɗinsa ya jarraba su sannan ya faɗi abin da ya gani, ina rubuto muku wannan takarda a madadin kaina, da kuma 'yan'uwana masu fama da ciwon rashin natsuwar ƙafafu, gwargwadon abin da na ji daga bakinsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda muhawara a kan tallar magunguna a talabijin ta sake tashi a nan Amurka, musamman tun watan Satumba na 2025 da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a tsananta sa ido a kanta. Kuma tun da na sakankance cewa mujallarku ba za ta yi shiru a wannan mas'ala ba, sai na ga ya wajaba in tunatar da ku wata tsohuwar ƙura da ta tashi tsakaninku da mu, wadda har yau ba ta gama lafawa a zukatan waɗansunmu ba.

Asalin al'amarin sananne ne gare ku, amma zan maimaita shi domin masu karatu. A shekarar 1997 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sassauta ƙa'idojin tallar magungunan da ba a sayarwa sai da takardar likita, har kamfanoni suka sami damar kai tallarsu cikin ɗakunan mutane ta rediyo da talabijin, al'adar da babu inda aka halatta ta sosai a duniya sai a nan da ƙasar Niyu Zilan. A watan Mayu na 2005 hukumar ta amince wa kamfanin GlaxoSmithKline ya sayar da maganinsa Requip domin ciwon rashin natsuwar ƙafafu, a 2006 kuma ta amince wa Boehringer Ingelheim da nasa, Mirapex, alhali dukansu biyu tun farko domin ciwon karkarwa na Parkinson aka yi su. Ba a jima ba tallace-tallace suka cika gari. A watan Afrilu na 2006 likitoci biyu na Jami'ar Dartmouth, Steven Woloshin da Lisa Schwartz, suka buga bincikensu a mujallar PLoS Medicine, inda suka bi labaran jarida 33 suka nuna yadda 'yan jarida suka taya kamfani kambama ciwon. A wannan watan kuma aka yi taro a birnin Newcastle na Ostareliya a kan abin da masana suka kira fataucin cuta, wato faɗaɗa iyakar rashin lafiya domin a faɗaɗa kasuwar magani. Sannan a 2007 mujallarku ta fitar da ɗan gajeren bidiyo a shirinta na AdWatch, ana tsayar da tallar Requip ana yi mata sharhi gaɓa gaɓa, masu barkwanci na talabijin su ma suka sami abin dariya, mu kuwa muka wayi gari ciwonmu ya zama misalin cutar da ake zargin 'yan kasuwa ne suka ƙaga.

Insafi ya hukunta in fara da inda masu suka suka yi gaskiya, domin gaskiyar tasu ba kaɗan ba ce. An yi ta yayata cewa mutum ɗaya cikin goma yana da wannan ciwo, alhali babban binciken da aka buga a 2005, wanda ya haɗa Amurka da waɗansu ƙasashen Turai, ya nuna cewa waɗanda ciwon yake kamawa aƙalla sau biyu a mako, ya kuma takura musu takura ta ainihi, ba su kai 3 cikin 100 ba. Haka kuma takardar bayanin da ke tare da maganin ta nuna cewa a ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa, na makonni 12, kimanin 73 cikin 100 na waɗanda suka sha shi sun sami sauƙi, amma kimanin 57 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sun ce sun sami sauƙi. Tashin zuciya kuwa ya kama kimanin 40 cikin 100 na masu shan maganin, a kan 8 kacal na ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai ga cewa tallar da ke nuna mutum ya haɗiyi ƙwaya ya miƙe ƙafa ya yi barci mai daɗi ta ɓoye fiye da abin da ta bayyana, kuma wanda ya tona wannan ya yi wa jama'a hidima, ba ma ƙin gode masa.

Inda hanya ta rabu da mu shi ne wurin da aka tsallaka daga hukunci a kan talla zuwa hukunci a kan ciwo, alhali mas'aloli biyu ne mabambanta, kowace da hujjarta. Ko da a ce ba wannan ne nufin marubutanku ba, kuma ina kyautata muku zaton haka, to abin da ya isa kunnen jama'a daga salon maganar, da murmushin da ya raka ta, shi ne cewa wannan ƙaiƙayin ƙafa ne na masu hutu, wanda kamfani ya raɗa wa suna domin ya sayar da ƙwaya. Tarihi kuwa ya ƙaryata wannan zato. Likitan Ingila Thomas Willis ya siffanta masu wannan lalura tun 1672, ya bayyana yadda gaɓoɓinsu ke hana su barci idan sun kwanta. Likitan jijiyoyi na ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi mata cikakken nazari a 1945. Masana na ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka tsara sharuɗɗan gane ta a 1995, shekara goma kafin a halatta tallar maganin farko. A cikin 2007 ɗin nan da ake mana dariya, ƙungiyoyin masu bincike biyu, ɗaya a ƙasar Aisilan tare da abokan aikinsu na Amurka, ɗaya a Jamus da Kanada, suka buga sakamakon da ya gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, irin su BTBD9 da MEIS1, abin da ya yi daidai da abin da iyalai suka daɗe da sani, cewa yana bin jini daga uwa ko uba zuwa 'ya'ya. An kuma tabbatar da alaƙarsa da ƙarancin sinadarin ƙarfe a ƙwaƙwalwa. Kamfani yana iya ƙaga talla, yana iya kumbura adadi, amma ba shi da ikon komawa ƙarni na 17 ya sa wa Willis magana a baki.

Ku ba ni dama, ranku ya daɗe, in siffanta muku abin da muke ji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sharuɗɗan ciwon huɗu ne a asali: mutum ya ji wata matsananciyar buƙata ta motsa ƙafafunsa, galibi tare da wani abu mai kama da tafiyar kiyashi ko jan jijiya can cikin tsoka, inda hannu ba ya kaiwa, abin ya taso idan ya zauna ko ya kwanta, ya lafa idan ya tashi ya taka, ya kuma tsananta da maraice da dare. A rubuce wannan ba ya da ban tsoro, amma wanda ya haɗa sharuɗɗan nan wuri ɗaya zai gane cewa ma'anarsu ita ce an haramta wa mutum hutu a daidai lokacin da Allah Ya sanya domin hutu, ta yadda duk sa'ad da gajiya ta kayar da shi ƙafafunsa su tashe shi, ya yi ta zagaya ɗaki mutanen gida suna barci, har alfijir ya keto, sannan ya shirya ya tafi wurin aiki ko ya kama tuƙi. Akwai waɗanda suka raba shimfiɗa da iyalinsu saboda shure-shure, akwai waɗanda suka daina doguwar tafiya a jirgi ko mota, akwai waɗanda zaman sauraron karatu ko huɗuba ya zame musu azaba. Binciken da aka buga a mujallar JAMA Network Open a 2019 ya sami cewa haɗarin kashe kai da cutar da kai a tsakanin masu wannan ciwo ya haura ninki biyu na sauran mutane. Wanda yake cikin wannan hali, idan ya kunna talabijin ya tarar ana kwaikwayon rawar ƙafarsa ana ƙyalƙyata dariya, ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya cika saurin fushi.

Na san an yi mamakin yadda majinyata suka yi ca a kanku bayan fitowar wancan bidiyon, har waɗansu suka ɗauka kamfani ne ya turo su. Hakikanin dalilin ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi ban tausayi. Da yawa daga cikinmu sun shekara da shekaru suna yawo daga likita zuwa likita, wannan ya ce damuwa ce, wancan ya ce tsufa ne, wani ya rubuta maganin barci na mura wanda yake ƙara rura wutar, domin magungunan da ke ɗauke da difenhidramin da waɗansu magungunan baƙin ciki da na tashin zuciya suna tsananta ciwon. Ba su taɓa jin an ambaci lalurarsu da suna ba sai a bakin mai talla. Abin kunya ne ga harkar likitanci a ce ɗan kasuwa ne ya fara gaskata majinyaci, amma haka ta faru. To, da masu suka suka zo da sigar izgili, sai majinyaci ya duba ya ga ɓangare ɗaya yana cewa ciwonka gaskiya ne ga magani, ɗaya ɓangaren yana dariya, kuma ba a bukatar dogon tunani a san inda zai karkata. Ta haka sukar da aka yi domin a raba mu da kamfani ta ƙara manna mu da shi, muka zama masu kare tallar da ya kamata a ce mu ne farkon masu tuhumarta.

A nan ne babbar hasarar take, domin a cikin hayaniyar an bar mafsadar da ta fi kowace girma ba a ba ta haƙƙinta ba. Magungunan nan suna aiki ne ta hanyar kwaikwayon sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, kuma tun 1996 masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Richard Allen da Christopher Earley, suka bayyana cewa maganin da ke bin wannan hanya yana iya komawa ya haɓaka ciwon da aka sha shi dominsa: alamun da ke zuwa da dare su fara zuwa da la'asar, sannan da azahar, su bar ƙafa su hau hannu da gangar jiki, likita ya ƙara adadin ƙwaya, sauƙi ya zo na ɗan lokaci, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, a sake ƙarawa, har mutum ya kai matsayin da ci gaba da sha azaba ne, dainawa kuma azabar da ta fi. Nazarce-nazarcen da suka bi majinyata shekaru sun nuna cewa kimanin 7 ko 8 cikin 100 na masu shan irin waɗannan magunguna suna faɗawa wannan hali a kowace shekara, adadin yana taruwa shekara bisa shekara, abin da gwajin makonni 12 ba zai taɓa nunawa ba. Ga kuma illar da aka fi yi wa dariya, wato yadda maganin ke sa waɗansu caca da almubazzaranci da sha'awar da ta wuce kima, wadda a bakin mai barkwanci abin nishaɗi ce, amma a gidajen da ta shiga ta cinye dukiyar tsufa, ta raba aure, ta zubar da mutuncin dattawan da ba su taɓa sanin ƙofar gidan caca ba. Da a ce rabin ƙarfin da aka kashe wajen tambayar ko ciwon gaskiya ne an kashe shi wajen tambayar abin da maganin zai yi wa mai shansa bayan shekara biyar, da an tsirar da mutane masu yawa.

Ƙarshen al'amarin ya zo a hankali, ba da ganga ba. A 2008 aka fara sayar da samfurin Requip mai araha na waɗansu kamfanoni, riba ta ragu, talla ta ja baya, masu dariya suka koma wani abin, aka bar majinyata da ƙwayoyinsu. Sai a 2024 Ƙungiyar Likitocin Barci ta Amurka ta fitar da sabuwar ƙa'idar jinya, inda ta ba da shawarar kada a riƙa amfani da waɗannan magunguna na dofamin a matsayin abin da aka saba farawa da shi, saboda wannan haɓakar ciwo, ta gabatar da auna sinadarin ƙarfe na jiki da cike gibinsa, ta baki ko ta jijiya, da magunguna irin su gabapentin da pregabalin, waɗanda su ma suna da nasu illolin da likita zai lura da su. Ashe shakkar da kuka yi wa maganin tana da tushe, har ma ta fi yadda kuka zata. Shakkar da aka jefa a kan ciwon ce ba ta da shi. Kuma domin kada a ce na ga laifin wani na rufe ido ga na gida, gidauniyar da ke magana da yawun majinyata a ƙasar nan ta karɓi tallafin kuɗi daga kamfanin magani a waɗancan shekaru, kamar yadda Woloshin da Schwartz suka ambata, kuma wannan shubuha ce da ta raunana muryarmu a lokacin da muka fi bukatar a saurare mu.

Na rubuta wannan takarda da Hausa, na kuma nemi a buga ta inda Hausawa za su gani, saboda abin da aka faɗa a Amurka a kan wata cuta ba ya tsayawa a Amurka, yana bin intanet da littattafan likitanci har ya isa ɗakin duba marasa lafiya a Kano da Damagaram. Ciwon nan ya fi kama mata masu juna biyu, musamman a watannin ƙarshe, da masu ƙarancin jini, da masu ciwon ƙoda da ake yi wa wanki, kuma duk wanda ya san asibitocinmu ya san waɗannan ba baƙi ba ne a cikinsu. Idan ra'ayin da ya yaɗu shi ne cewa wannan cutar Turawa ce ta talla, to mai cikin da ta ce ƙafafunta sun hana ta barci za a ce mata ta yi haƙuri, ko a danganta abin da iska, alhali gwajin jini da maganin ƙarin jini mai araha suna iya kawo mata sauƙi.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma ba mu roƙi ku sassauta wa kowane kamfani ba. Na farko, idan za ku sake sukar tallar wani magani, ku raba hukuncin talla da hukuncin ciwo rabuwa bayyananniya, ku faɗa da baki, tun a farkon magana, cewa akwai masu wannan lalura da gaske kuma ba da su kuke ba, domin abin da marubuci ya bari a zuciyarsa mai kallo ba ya ganinsa. Na biyu, ku zaunar da majinyata biyu ko uku, waɗanda ba su da alaƙar kuɗi da kowane kamfani, su ga aikin kafin ya fita, ba domin su canza muku hujja ba, sai domin su nuna muku inda lafazi zai yi rauni ba tare da ya ƙara wa gaskiya komai ba. Na uku, ku koma kan wannan ciwo da cikakken rahoto irin wanda kuka saba yi wa mota da firiji, ku bayyana wa dubban mutanen da har yanzu suke shan waɗannan ƙwayoyi alamun haɓakar ciwo, ku gargaɗe su kada su daina sha farat ɗaya ba tare da likita ba, domin yankewa kwatsam tana da haɗari, ku kuma sanar da su haƙƙinsu na neman a auna musu feritin, wato ma'aunin ajiyar ƙarfe a jiki. Na huɗu, ku yi amfani da muryarku a gaban FDA da majalisa ku nemi a wajabta wa duk mai tallar maganin da ake sha shekara da shekaru ya faɗi tsawon lokacin da aka gwada shi, da adadin waɗanda suka sami sauƙi da shi a gefen adadin waɗanda suka samu ba da shi ba, da lafazin da talaka zai fahimta.

Idan kuka yi wannan za ku same mu a sahunku, domin babu wanda ya fi majinyaci bukatar a gaya masa gaskiyar abin da yake haɗiya, kuma babu wanda ya biya farashin ɓoye ta kamar mu. Muna roƙon ku ci gaba da tsananta wa masu talla iyakar iyawarku, ku kuma kiyaye mutuncin marasa lafiya a cikin kowace kalma da za ku buga. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa mu dace da faɗin gaskiya ta hanyar da za ta amfani waɗanda aka faɗe ta dominsu.

Wassalam.

Naku da girmamawa,
Wani Bahaushe mazaunin Amurka, ɗaya daga cikin masu fama da wannan ciwo.